Tsumman da Na Yanke a Jikin Rodi

Edita, ina yi maka sallama tare da masu karatu, ina kuma roƙon fili in faɗi wani abu da ya same ni, ba tare da na ambaci sunan kowa ba. A lokacin da abin ya faru ni shugaban magina ne, shekaruna sun haura hamsin, haifaffen wata unguwa ta kudancin Khartoum da ke bayan unguwar Alsahafa. Kakana ya taso daga ƙasar Hausa a ƙafa da niyyar hajji, ya sauke farali, a hanyar dawowa ya tsaya a nan, mu kuma muka tashi muna jin Hausa a cikin gida, Larabci a bakin titi. Karatuna bai yi nisa ba. Na yi allo, na yi firamare, daga nan na bi kawuna wajen gini. Abin da na rasa a takarda sai na nemi in cike shi da tsari. A wurina kowane aiki yana da na farko da na biyu da na uku, kuma ba na barin na biyu ya sha gaban na farko. Ba na son surutu a bakin aiki, ba na son in ga kaya a warwatse. Ko ƙusa na gani a ƙasa sai na sunkuya na ɗauka na mayar da ita gwangwaninta. Har mutanen unguwa suka laƙaba mini Alhaji Da-Farko, domin da wuya in buɗe baki a taro ban fara da wannan kalmar ba.

Wanda ya fi kowa ja na da wannan laƙabi wani mai gidan burodi ne a layinmu. Na girme shi sosai, amma bai taɓa barina na wuce ƙofarsa lafiya ba. Yakan ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce wai ranar da zan mutu sai na tashi na jera masu ɗaukar makara, gajeru a gaba dogaye a baya, kafin in yarda in cika. Ni kuma in tsuke fuska in ce masa ya kula da burodinsa da kullum yake ƙanƙancewa kamar ana wanke shi da ruwan zafi. Ya bushe da dariya, ya cusa mini mai ɗumi a hannu, ya ce in ci da farko, in biya na biyu. Matarsa 'yar unguwa ce, a gabana ta girma, Baba Alhaji take kirana, ni kuma ina ce mata 'yata. Suna da 'ya'ya mata ƙanana.

Kafin yaƙi, kwamitin unguwarmu ya samu izinin buɗe makarantar al'umma, irin wadda hukuma ke ba lasisi tana duba karatunta, amma iyaye ne ke ginawa su kuma gudanar da ita. Yaranmu suna tsallaka babban titi kullum zuwa wata makaranta mai nisa, hankalin iyaye ba ya kwanciya. Aka ba mu fili a gefen unguwa, kusa da masallaci, da wata darbejiya a kusurwarsa ta arewa, aka kuma ɗora mini kula da aikin gaba ɗaya. Injiniya ya zana, ni na tsara. Da farko takardu, na biyu awo da kafa turaku, na uku haƙa harsashi, na huɗu kawo kaya, sannan zuba kankare. Ƙasarmu baƙar laka ce, tana kumbura da damina ta tsattsage da rani, don haka injiniya ya ce a zurfafa ramin har ya kai ƙirjin mutum. Muka kira nafir, wato gayya, maza suka fito da diga da shebur, mata suka kawo shayi da asida, irin tuwon mutanen nan. Mai burodi ya zo da tire cike, bai taɓa shebur ba, ya zauna a bakin rami yana ba mutane umarni da irin muryata, kowa yana dariya sai ni. Ramin jerin azuzuwa na gabas shi ya fi tsawo, ya taso daga gindin darbejiya ya miƙe kudu, kuma ni na ja igiyarsa da hannuna.

Jan tubali kuwa da kaina na je Aljirif, unguwar masu gasa tubali a bakin kogi, na zaɓo, ina ƙwanƙwasa shi ina sauraron ƙararsa, wanda bai gasu ba in mayar. Aka sauke shi a fili, na sa aka jera shi tsaf, rodi ma aka ware dogaye daban gajeru daban. Saura zuba kankare kawai yaƙi ya ɓarke. Ba zan tsaya ba da labarinsa ba, domin duk wanda ya zauna a garin nan yana da nasa. Na kwashi iyalina da ƙyar muka tsallaka kogi zuwa Omdurman, wajen 'yata ta fari da ke aure a arewacin gari, muka bar fili da ramuka a buɗe. Muna can labari ya iso mini cewa wani abu ya faɗo kusa da gidan burodi, mai shi ya rasu. Na yi masa addu'a, na yi baƙin ciki ƙwarai, amma ban tambayi inda aka binne shi ba. A kaina mamaci maƙabarta ake kai shi, haka tsari yake, ban kawo wani abu daban a raina ba.

Damina biyu ta wuce kafin na sake taka unguwarmu. Na tarar da rabin gidaje babu kowa, ƙofofi a ɓalle, liman ya rasu, ladan ba a san inda yake ba. Waɗanda suka fara dawowa duk irina ne, waɗanda suka fita tun farko. Shugaban kwamitinmu, wani ɗan kasuwa mai sayar da kayan mota a kasuwar Suk al-Shabi, ya riga ni dawowa, kuma shi ya kawo mini maganar ofishin ilimi. An ce idan muka rufa jerin azuzuwa ɗaya kafin a buɗe shekarar karatu, lasisinmu yana nan, za a turo malamai. Idan ba haka ba, za a rarraba yaranmu a wasu makarantu, maganar lasisi kuma sai an sake dubawa. Lokacin da ya rage kaɗan ne. Na je na tsaya a filin na duba. Ciyawa da ƙaya sun cinye ko'ina, an sace yawancin rodi, tubali ya ragu, sauran kuma ya warwatse. Ramukan sun rufta, wasu rabi, na gabas kuwa daga wajen darbejiya ya cike har ya yi daidai da ƙasa. Na ce a raina ruwa ne ya zubo da ƙasar da muka tara a gefe. Na sake tsari: da farko shara da tattara kaya, na biyu sabon awo, na uku sake haƙa.

Na je Suk al-Shabi da sassafe na ɗebo leburori daga cikin masu zaman jiran aiki, mutanen ƙauye da yaƙi ya koro, babu ɗan unguwarmu ko ɗaya a cikinsu. Suka sare ciyawa, suka tara ƙaya, na ce duk tubalin da aka gani a ƙasa a ɗauke shi da baro a mayar da shi jeri. Aiki yana tafiya, sai na hangi wani dattijo a cikinsu ya tsaya a gefen gabas ya jingina da sheburinsa. Na ƙarasa na tambaye shi ko an biya shi kuɗin tsayuwa ne. Ya ce, cikin ladabi, yana kirana usta kamar yadda ake kiran shugaban aiki a nan, wai waɗannan tubalan shi dai ransa bai ba shi ya taɓa su ba, domin a tsaye suke biyu-biyu, kuma tubali ba ya tsayawa da kansa. Na duba. Lallai a tsaye suke, wasu sun karkata, kuma a tsakaninsu akwai wani guntun rodi a kafe, da tsumma ɗaure a kansa, shuɗi mai ɗigon fari wanda rana ta cinye. Ni abin da na gani kawai kayana ne a inda ba wurinsu ba. Na ce masa yara ne suka yi ragar ƙwallo, kuma hannu na ɗauka aiki ba baki ba. Don in nuna masa, na sunkuya na tumɓuke tubalan da kaina, na girgiza rodin na zare shi, na yanke tsumman da wuƙa na jefa cikin sharar da za a ƙona. Rodin na buga shi ya miƙe, na kai shi cikin gajeru. Kafin la'asar an share wajen an baje shi, ya yi fes. Dattijon bai dawo washegari ba, na ce dama malalaci ne.

Muka yi sabon awo a kan tsoffin turaku, muka zuba farar ƙasa a kan layi, muka fara sake haƙa ramin gabas. Na sa aka fara daga kudu, domin can ne ruftawar ba ta yi yawa ba, ana tahowa arewa wajen darbejiya. An ci fiye da rabi, wata safiya ina tsaye da ma'auni a hannu, sai na ga mace ta shigo filin da jarkar ruwa, 'yan mata biyu suna bin ta. Ta rame har ban gane ta ba sai da ta gaishe ni da Baba Alhaji. Matar mai burodi ce, jiya-jiya ta dawo daga garin danginta. Na yi mata ta'aziyya, ta amsa, amma idonta yana bayana. Ta wuce ni ta nufi darbejiya, ta tsaya, ta juya dama, ta juya hagu, ta ajiye jarkar. Sannan ta ga diga yana sauka a cikin ramin, bai fi tsawon ɗaki ɗaya daga inda take ba. Ihun da ta yi har yau yana kunnena. Ta ce a tsaya, a tsaya don Allah, akwai mutane a ciki.

Na ɗaga hannu aka tsaya. Tana haki ta yi mini bayani. A kwanakin da wuta ta yi tsanani babu mai iya kai gawa maƙabarta, kuma babu mai iya tsayawa a fili ya haƙa kabari tun daga sama. Ramina yana nan a haƙe, mai zurfi, ya kuma miƙe yadda mamaci zai fuskanci alƙibla. Sai ladan da 'yan tsirarun da suka rage suka riƙa saukar da mamata a ciki, su tona ƙaramin rami a ƙasansa, su rufe da tubalina, su turo ƙasa. Mamatan ba su kai goma ba, amma mijinta yana cikinsu. Washegarin binne shi ladan ya nuna mata wurin, ta kafa guntun rodi, ta yagi gefen tob ɗinta, mayafin nan da matanmu ke naɗawa, ta ɗaura a kai, sannan ta ɗauki 'ya'yanta ta gudu. Duk tsawon zamanta a can, in ji ta, abin da ke riƙe da ita shi ne ta san inda za ta dawo ta same shi. Ta tambaye ni ko na ga rodin. Na ce mata zan bincika.

Da azahar na sami shugaban kwamiti a shagonsa na gaya masa komai, har da tsumman. Ya yi salati, sannan ya jawo kujerarsa kusa da tawa ya rage murya. Ya ce maganar tsumma ta tsaya tsakaninmu, domin a garin nan duk abin da ya ɓata yaƙi ne ya ɓatar da shi, kuma babu wanda zai yi musu idan an ce ɓarayin rodi ne suka zare. Ya ce idan muka kai magana hukuma za a dakatar da aiki har sai ma'aikatanta masu tono gawarwaki sun zo, kuma Allah kaɗai ya san ranar zuwansu, ga yara sun yi shekaru ba karatu. Shawararsa ita ce in matsar da layi yamma kaɗan, a rufe bakin ramin, a ci gaba a hankali, bayan an buɗe makaranta a san abin yi. Ya dafa gwiwata ya ce usta, ai ba da gangan na yi ba, kada in ɓata sunan da na yi shekaru ina ginawa. Ba mugun mutum ba ne, yaran unguwa yake dubawa. Ni kuma na ji daɗin maganarsa fiye da yadda ya kamata, domin ta ba ni mafaka.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi nauyi da na taɓa yi. Na hana haƙa a gabas, na mayar da leburori gyaran katanga, amma ban kai magana ko'ina ba, ban kuma matsar da layin ba. Ni da kullum na san abin da ke biye, na tsaya ban san na gaba ba. Ita kuwa kowace safiya sai ta zo. Ta bi gindin katanga tana ture ƙaya da sanda, ta tona tokar sharar da muka ƙona, ta leƙa bayan masallaci, wai ko ɓarawon da take zaton ya zare rodin ya ji tsoron Allah ya yar da shi kusa, ko ramin da rodin ya bari bai toshe ba. 'Ya'yanta suna tsugune suna shafa ƙasa da hannu. Ina tsaye nesa da su da ma'aunina, rodin yana bayana a cikin gajeru, na san har wanda ne. Abinci ya daina shiga. Matata ta tambaye ni ko ciwona na ciki ne ya tashi, na ce mata ta bar ni.

Abin da ya karya ni ba zagi ba ne. Wata safiya ta zo har inda nake ta durƙusa, ta ce Baba Alhaji, ba ta da wanda za ta roƙa sai ni. Ta ce marigayi yakan faɗa a gida cewa duk ja na da yake yi wasa ne, amma a unguwar nan in abu ya shiga hannun Da-Farko ko ƙusa ce ba ta ɓata. Don haka ta san in na sa kaina zan gano mata. Na ce ta tashi. Na je na zaro rodin na kawo na ajiye a gabanta, na gaya mata yadda aka yi tun daga farko har ƙarshe, da maganar dattijon, da amsar da na ba shi, da wuƙar. Ta ɗauki rodin ta juya shi, ta sami ɗan zaren shuɗi da ya maƙale a jikin tsatsa. Ta tambaye ni abu ɗaya, ko zan iya tuna daidai inda na zare shi. Na rufe ido na yi iya ƙoƙarina. Na tuna nauyinsa, na tuna yadda ƙasa ta riƙe shi, amma wurin ban riƙe ba, domin ban ɗauke shi a bakin komai ba. Ta ce to, ta juya ta tafi da rodin a hannu.

A ranar na je na sanar da hukuma, na kuma gaya wa shugaban kwamiti na sanar. Ya ce na kashe makaranta da hannuna, ya yi kwanaki ba ya amsa sallamata da kyau. Daga nan na shiga neman ladan, domin shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka yi binnewar. Na bi masallatai ina tambaya har aka ce yana Omdurman wajen ɗan ƙanensa. Na tsallaka gada na same shi kwance a kan gadon igiya a ƙarƙashin rumfa, ya tsufa ƙwarai, ido ya tafi. Ya gane muryata, ya yi murmushi ya ce yau kuma me za a fara da shi. Na zauna na ce ya ba ni su a jere. Ya ce daga gindin darbejiya suka fara, suna yin kudu, ɗaya na bin ɗaya, ya kuma lissafa mini su bi da bi ba tare da ya yi tuntuɓe ba: wata tsohuwa, sai liman, sai wani mai ciwon ƙoda da ya rasa asibiti, haka har ya zo kan mai burodi. Zuciyata ta fara sanyi, na ce ashe tsari zai cece ni. Sai ya ce ranar su biyu ne. Abin da ya faɗo ya haɗa da wani baƙo da ya zo sayen burodi, ba wanda ya san shi, ba takarda a jikinsa. Tare aka yi musu sutura da labulen masallaci da aka raba biyu, tare aka sauke su, ɗaya a gaban ɗaya. Na ce wanne ne a arewa. Ya ce a lokacin ya sani, shi ya sa ya nuna wa matar, amma da ya ga ta ɗaura tsummanta sai ya sauke abin daga kansa, domin akwai waɗanda suka biyo baya da zai riƙe. Na matsa masa, na sake tambaya ta wata hanya, har ya fara kuka. Ya ce in ji tsoron Allah kada in sa shi ya yi ƙarya a kan mamaci.

Masu tono sun zo bayan jira mai tsawo, da likita da fararen jakunkuna, aka kewaye wurin da tabarmi. Ni na ja musu igiya a kan tsohon layi, kuma jerin ladan ya fito daidai, kowa a inda ya ce. Iyalan da aka samu suka karɓi nasu. Da aka zo kan biyun na tsaya a bakin rami ina roƙon Allah ya bar wata alama. Babu. Labule ɗaya ne, tsawonsu kusan ɗaya, shekarunsu kusan ɗaya, ƙasa kuma ta yi aikinta. Likitan ya yi wa matar bayani a hankali cewa akwai gwajin da ke rarrabewa, ya ɗauki abin da zai ɗauka, amma bai ɓoye mata ba cewa a halin da ake ciki ba zai iya yi mata alƙawarin lokaci ba. Ta saurare shi har ya gama. Sannan ta ce a kai su maƙabarta a binne su kusa da juna, kada a raba su, kada kuma a rubuta suna a kan ko ɗaya.

Haka aka yi. Shekarar karatu ta buɗe ba mu rufa ko aji ɗaya ba, aka rarraba yaranmu, suka koma tsallaka titi. Da ƙyar da rubuce-rubuce da zirga-zirga aka bar mana lasisin zuwa shekara ta gaba. Injiniya ya mayar da jerin azuzuwan yamma, gefen gabas kuma muka cike shi muka dasa itatuwa. Yanzu makaranta tana aiki, 'ya'yan marigayi suna ciki. Ranar da uwarsu ta kawo su na tare ta a bakin ƙofa na nemi gafararta a gaban mutane. Ta ce ta yafe tun ranar da na kawo mata rodin da hannuna, domin da na yi shiru da har yau tana tona toka. Amma ta ce in sani, duk Juma'a jarka biyu take ɗauka zuwa maƙabarta, ta yayyafa wa wannan ta yayyafa wa wancan, kuma in za ta ba marigayi labarin yara a tsakiya take tsayawa, don ba ta san wajen da za ta juya ba. Ta ce ƙaramarsu ta tambaye ta wanne ne Baba, sai ta ce mata ta yi wa duka addu'a, shi baƙon ma ɗan wasu ne. Na ce ta bari in riƙa ɗaukar mata jarka ɗaya. Ta ce a'a, Baba Alhaji, wannan nata ne.

Abin da na koya ba shi da yawa, amma ya tsaya mini. Na yi rayuwata ina ganin in abu ba ya inda na ajiye shi to ɓata ya yi, ban taɓa tunanin wani ne ya ajiye shi da nufi ba. Na bar filin nan tsawon damina biyu, mutane suka rayu a cikinsa suka mutu, na dawo ina ɗaukarsa kamar jiya na fita. Da na tsaya na tambayi mutum ɗaya da ya zauna, ko da na saurari dattijon da ya jingina da shebur, da makaranta ta yi jinkirin da dama ta yi, amma da yarinyar nan ta san kabarin ubanta. Ban sake ganin dattijon ba, na neme shi a Suk al-Shabi ban same shi ba.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana masu dawowa, musamman magina da 'yan kwamiti da duk wanda aka ba amanar fili, ko na makaranta ne ko na masallaci ko tsakar gida. Kada ku fara da shara. Da farko ku nemi waɗanda suka zauna lokacin da kuka tafi, ku zauna ku ji abin da ya faru a wurin. Na biyu ku zagaya da ƙafa, a hankali, kafin ku sa shebur. In kun ga tubali a tsaye, ko dutse a jere, ko ƙarfe da tsumma a kansa, ku bar shi yadda yake har sai kun sami wanda ya kafa shi. In lebura ya ce ransa bai ba shi ba, ku tambaye shi dalili. Ni har yanzu ina ɗaukar ƙusa in na gan ta a ƙasa, hali ne ba ya fita. Amma duk Juma'a bayan la'asar, in na hangi matar nan ta fito daga layinmu da jarka a kowane hannu, sai in koma cikin gida har ta wuce.